Kujerar Baya

Pau, Maris 1911

Zuwa ga Mama Clémence,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwa? Ya kewar ɗanki, mijina Aristide? Allah ya ƙara mana haƙuri.

Abin da kika ji gaskiya ne, an gyara jirgin samansa, ina koyon tuƙi. Ba kya wajen ranar da ya rasu, shi ya sa kike cewa in bar wa Allah. Iska tana neman ɗage rumfuna, Aristide ya ce ba zai tashi ba. Fauchereau, mai shirya wasan jiragen, ya sa aka ɗaga jar tuta, alamar za a tashi, ya ɗauki bututun shela ya ce wa jama'a, "Gaggafarmu ta zama kaza!" Suka yi ta ihu har Aristide ya hau. Jirgin ya faɗo, ni na ciro gawarsa daga gonar inabi. Mutumin nan kuwa ya zo jana'iza da furanni, har da share ido.

Na tsane shi, Mama, kuma sai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Surukarki,
Léonie

Saint-Aubrac, Yuni 1911

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Marar kunyar da kansa ya nemo ni. Ya cika gari da allunan talla, wai matar marigayi za ta tashi. Na amsa masa.

Ranar Lahadi aka tashi da iska, ya ɗaga jar tutarsa. Na karɓe bututun daga hannunsa na ce, "Akwai kujera a bayana, Monsieur Fauchereau. Hau mana, ba kai ka ce iskar ba komai ba?" Ya yi yaƙe, wai likita ya hana shi. Jama'a suka ɗau kiran sunansa, ga matarsa, ga magajin gari. Ya ɗora ƙafa ɗaya, fiffike ya girgiza, sai ga ƙaton mutum zaune a ƙasa yana kuka. Da jifan ɓawon lemo aka raka shi mota. Ban ji tausayinsa ba, ko yanzu dariya nake yi.

Daga nan na tashi ni kaɗai. Ki yafe mini abin da zan faɗa, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Tun da tayoyin suka bar ƙasa har na sauko, ban tuna Aristide ba ko sau ɗaya. Daɗi kawai na ji. Gobe ma zan tashi.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Léonie