Gyaran Sa'a Ko Gyaran Agogo?

Yau Talata. Na tashi da ciwon gwiwa, tarin kuma bai sake ni ba, amma hannuna bai yi rawa sosai ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yata mai amsa wasiƙun masu karatu, don Allah ki taimake ni da shawara.

Ni mai gyaran agogo ne, tun ina saurayi. Ɗana ya ce in rufe shagon in koma gidansa, tunda aiki ya daina zuwa. Jikata ce ta tsaya mini. Ta buɗe mini shafi a intanet, ta sa mini wata manhaja a waya mai nuna matsayin shafin idan mutane suka yi bincike da wata kalma. Da za ta rubuta sana'ata na dage sai ta sa “gyaran sa'a”, domin malaminmu da ya koya mana sana'ar sa'a yake kiran agogo, haka kuma yake a allon shagona. Ta yi dariya ta bi ni.

To, a kan wannan kalma ni ne na ɗaya. Amma a kan “gyaran agogo” ina can ƙasa, yau na arba'in da wani abu, gobe in haura, jibi in zame. Ko a makaranta ban taɓa yin ƙasa haka ba. Na kasa zama. In ɗauki tabarau in duba, in ajiye, in sake dubawa, shayi ya huce.

Waya kuwa tana ta ƙara. Sai dai ba agogo suke kawowa ba. Wata kasuwarta ce ta tsaya, wani jarrabawa ce ta kayar da shi, so suke in gyara musu sa'a. Nakan ce ni ba malamin tsibbu ba ne, amma sai hira ta yi tsawo. Tun rasuwar matata ba a yi mini magana haka ba. In na canza kalmar, ina tsoron wayar ta yi shiru. In ban canza ba, shago zai tafi.

Jikar tawa ta ce za ta zo ranar Asabar mu duba tare. Na share mata kujera. Ba ta zo ba.

Tsoho mai gyara

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Na ɗayan nan da kake riƙe da shi ba na sana'arka ba ne. Mai agogon da ya tsaya “gyaran agogo” zai rubuta, kuma a nan ya kamata ya same ka. A sa wannan kalma a kan shafin, da irin agogunan da kake gyarawa da lokacin buɗe shago. Allonka kuwa ka bar shi yadda malaminku ya koya maka.

Matsayi yakan hau ya sauka ko ba a taɓa komai ba, kuma gyara yakan ɗauki makonni kafin ya nuna. Duba sau ɗaya a mako ya isa. Abin ƙirgawa shi ne agogo nawa suka shigo shago, shi za ka nuna wa ɗanka. Shi ma ba ƙin ka yake yi ba, tarin nan yake ji.

Masu kiran kuwa, gaskiya ne kana jin daɗinsu, amma da buƙata suke zuwa wadda ba ka da maganinta. Hirar da kake nema tana wajen naka. Kada ka zauna jiran Asabar. Wayar da ke hannunka tana kira kamar yadda take amsawa: kira jikarka yau, ka ce mata kalma ɗaya za ku gyara, kujerarta kuma tana nan a share.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya kawo sa'a, ya kawo agogo.