Buhu a Kan Esin Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Barkin Sale sai godiya.

Da damina na lulluɓe injin waje na esin da ka saya wa Inna da buhu, don kada ruwa ya lalata shi, na kuma manta. Da ruwa ya ɗauke muka kunna, sai ƙauri. Gabana ya faɗi, ga Inna ba ta jure zafi.

Bitrus mai gyara ya yaye buhun, ya wanke injin, yana dariya: "Hajiya, ruwa ba ya damunsa, iska yake so." Alhamdulillahi bai ƙone ba. Yanzu Inna har bargo take nema.

Ka yafe mini gangancina, a sa mu a addu'a. A gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Hadiza