Takalmi a Bakin Kwalbati

Azare, Litinin

Zuwa ga ƙawata Kellu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya yara? Ya Baba Umara?

Na kira ki sau bakwai, kullum wayar tana ce mini kina magana da wani. Na yi karatu daidai gwargwado, na san abin da hakan ke nufi. Shi ya sa na koma takarda da biro, Hammawa direban Katagum zai kawo miki.

Na san kin ga bidiyon. Har mai sayar mini da kayan miya ya nuna mini, yana dariya yana riƙe ciki. Daƙiƙa arba'in ne kacal, daga kyamarar gaban wata motar kamfani da ta bi hanyar garin Yana: ga motar Yaya Abdulsamad a tsaye lafiya lau, namiji da mace sun ba kyamara baya suna tura ta cikin kwalbati. Matar ta tsaya ta cire takalmanta, ta jera su a gefen titi, sannan ta sa hannu. An sa mata kiɗa, an raɗa mata suna Hajiya Mai Takalmi. Ɗalibaina da ba sa iya haɗa jimla uku a jarrabawa sun rubuta sharhi a kanta mai shafi guda.

Tunda mahaifinki Baba Umara, direban gidanmu, shi ne ya sa hannu a takardar inshora cewa shi ke tuƙi ranar, gari ya yanke hukunci shi ne namijin. Na ji ƙungiyar direbobi ta dakatar da shi, ya taho wajenki. Abin bai yi mini daɗi ba. Ki ce masa ya yi haƙuri, mutanen waya mantuwa gare su, mako mai zuwa za su samu wani.

Mahaifiyata Hajiya tana gaishe ku.

Taki,
Khaulat

Katagum, Laraba

Khaulat,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda za ki faɗi gaskiya, ban samu ba. Kin iya rubutu, wannan ba a yi miki musu.

Tare muka girma a tsakar gidanku. Tun muna makarantar Islamiyya ke kaɗai ce ke jera takalmi kai da kai kafin ki yi dambe. Ina ganin bayan matar nan na ajiye wayar. Ban gaya wa kowa ba, har Baba. Shi ma ya gane, ya ɗauka ban gane ba. Haka muke zaune, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ke.

Kin ce ya yi haƙuri. Shekara talatin yana tuƙa gidanku bai taɓa ko goge fenti ba. Kin san me ake cewa? Wai dattijo mai furfura ya bar sallar Juma'a ya tafi tura mota da budurwarsa. Budurwa, Khaulat! Wasu kuma sun ce ni ce. Wata mai jego da nake wa allura ta tambaye ni nawa aka ba mu.

Baba ba ya fita. Yana alwala ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kiran salla, sai ya juyo ya shimfiɗa buzu a ɗaki.

Ki gaya mini yadda aka yi. Kada ki yi mini ado.

Ki gai da Hajiya, ita ba ta yi mana komai ba.

Kellu

Azare, Juma'a

Kellu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba.

To, ba ado. Giyar motar ce ta fara mutuwa, makaniki ya ce gyaran ya fi ƙarfin motar. Yaya yana da cikakkiyar inshora, wadda ke biyan hatsari amma ba ta biyan tsufa. Sai ya ƙirƙiro hatsarin. Shi ya zaɓi lokacin sallar Juma'a, ya ce hanya fayau take, duk mai idon gani yana masallaci. Aikina kawai in bi shi da motata in dawo da shi. Da ya kasa turawa shi kaɗai ya ce, "Malama, hannu za ki naɗe?" Sai na cire takalmi, don sababbi ne. Wannan shi ne iyakar tunanin da na yi ranar, ni da nake koyar da tunani.

Motar kamfanin ta wuce mu, mun gan ta. Yaya har ya ɗaga mata hannu.

A hanyar dawowa ya tuna lasisinsa ya ƙare tun bara, kamfanin inshora ba zai biya ba. Bayan an sauko masallaci ya kira Baba, ya ce ya yi hatsari, ya rufa masa asiri ya ce shi ke tuƙi. Baba bai san shiri ba ne. Tambayar farko da ya yi ita ce, "Ba ka ji ciwo ba?"

Bayanin da ya sa wa hannu ni na rubuta shi da Turanci. Na rubuta cewa gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ce in karanta masa da Hausa, na karanta, ya ce, "Uwata, ba a samu wata kalmar ba?" Na ce masa ita ce ta fi shiga. Kwana uku mutane suna zuwa yi masa jaje, Hajiya ta yi sadakar waina don Allah ya tsare mata direba, ni na raba.

Yaya yanzu yana Kano, wai harkar kasuwa. Ya ce fuska ba ta fito ba, in yi shiru. Hajiya kuma kin san hawan jininta. Ki ba ni ɗan lokaci in samo hanyar da ba za ta kashe kowa ba.

Khaulat

Katagum, Asabar

Khaulat,

Wa'alaikumus salam.

Lokaci ba a hannuna yake ba. Takardar 'yan sanda ta iso jiya, kamfanin inshora ya kai ƙara. Laraba ƙarfe goma ake neman Baba a Azare.

Na karanta masa wasiƙarki duka, ban tsallake layi ba. Ya ce in ƙona ta. Ya ce zai amsa cewa shi ne a bidiyon, matar kuma bai san ta ba, a hanya ya roƙe ta. Na ce, "Baba, wa zai yarda?" Ya ce marigayi Alhaji mahaifinku ya damƙa masa ku a gadon asibiti, bai ce masa sai ranar da kuka yi daidai ba.

Ban ƙona ba. Tana cikin jakata. Ba barazana nake miki ba, ban ma san me zan yi da ita ba. Shekararsa sittin da huɗu, ga ciwon suga. Ki yi lissafin da kanki, ke ce mai digiri.

Kellu

Azare, Litinin

Kellu,

Salamu alaikum. Ya jikin Baba?

Ki huta da wasiƙar, ba ta da sauran amfani.

Jiya bayan la'asar na gaya wa Hajiya. Na tanadi maganinta da ruwa a gefe kamar mai shirin tiyata. Ba ta faɗi ba. Ta dube ni ta ce, "Ke kika raba wainar?" Na ce e. Tun daga nan ba ta sake yi mini magana ba. Ashe ba zuciyarta nake tsoro ba, wannan kallon nake tsoro.

Yau da safe na je tasha. Na tarar da shugaban ƙungiya, Alhaji Babagana, yana shan shayi da direbobi sun kai ashirin. Ya ce, "Malama, mota ake so?" Na ce a'a, ni ce Hajiya Mai Takalmi. Wani ya kwashe da dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye. Na faɗi komai, da sunan Yaya, da lasisin, da gyangyaɗin da na ƙirƙira. Wayoyi uku na gani a sama, ban hana ba. Wannan karon dai fuskar ta fito.

Alhaji Babagana ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "Mu ma mun yi wa Umara laifi." Ya ce za su aiko masa.

Yaya ya kira ya ce na tona asirin gida. Makaranta ta ce in zo in yi bayani. Laraba zan je wajen 'yan sanda da kaina. Kada ki ɗauka jarumta ce, Kellu. Sai da na jira har wasiƙata ta shiga jakarki, kuma ban san ko da zan je in ba don haka ba.

Ki roƙar mini Baba ya yafe mini, in kin ga fuska.

Khaulat

Katagum, Talata

Uwata Khaulat,

Bayan sallama da gaisuwa. Ni ne Umara, da hannuna, ki yi haƙuri da rubutun.

Mutanen tasha sun zo, mota biyu. Na ji abin da kika yi. Da kin tambaye ni da na hana ki.

Gobe zan iso da sassafe. Ki jira ni a ƙofar gida, ni zan tuƙa ki zuwa wajen 'yan sanda, ba za ki shiga ke kaɗai ba. In mun fito zan kai wa Hajiya makullin motarta in yi mata sallama.

Maganar yafiya, ki ɗan ba ni kwana. Ba na so in faɗi abin da ba haka yake ba. Sau ɗaya na gwada.

Ki karya kumallo kafin mu tafi, wajen akwai jira.

Allah ya kai mu goben.

Umara