Kada Ku Bar Baba da Ƙishi

Jidda, Saudiyya

Zuwa ga ƙanena Ikrima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da iyalinka. Yaya damina a Zango?

Na samu saƙonka cewa fitsari na zubo wa Baba ba da saninsa ba, har ya daina zuwa masallaci, ya kuma rage shan ruwa. Kada ku bar shi da ƙishi. Ka kai shi asibiti a Daura. Yawanci wani abu ne ke kumbura wa tsofaffi a ƙarƙashin mafitsara, kuma ana samun magani. In likita ya ce a sa masa robar fitsari, ka lallashe shi. Ka shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gadonsa, ka ajiye bokiti kusa. Wankin wandunansa kai za ka yi, ba matarka ba, ka san Baba da kunya. Ka roƙi Malam Audi liman ya zo ya yi masa bayanin alwalar mai lalura, don daga bakinsa ne zai yarda.

Ni lafiya lau nake. Dattijon da nake jinya ma ciwonsa ke nan. Bayana kan yi ciwo wajen ɗaga shi, fasfona kuma yana hannun 'ya'yansa, amma kada Inna ta ji. Shekaranjiya ina canza masa kaya ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ba ka da uba ne?" Na ce, "Ina da shi, ƙanena na kula da shi."

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri.

Yayanka,
Suhaibu