Na Ce Masa Suna Nan

Litinin, 5 ga Yuni
Kwana tara ke nan da suka tafi da maigidana, Malam. An yi ruwan shuka. Yayansa Sha'aban ya sare mana gonar, ni na bi ina zuba gero ina rufewa da ƙafa. Mata na shigowa jaje, in ce na gode, su fita. Ban ji komai ba.

Alhamis, 8 ga Yuni
Lauya ya ce tuhumar tunzura jama'a ce, saboda ƙasidar da ya rubuta kan gonakin bayan gari da aka yanka filaye aka sayar ba da sanin masu su ba. Shafi shida kacal. Malamin firamare wai shi zai tunzura gari, mutumin da ko akuya ba ya iya kora daga bakin rumbu.

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Ranar da aka kama shi, Inna, mahaifiyarsa, ta ce za su dawo bincike. Na jawo littattafansa huɗu daga ƙarƙashin gado, waɗanda ya shekara bakwai yana cika su da tarihin gonakin garin nan daga bakin tsofaffi, na cusa a murhu. Da su na dafa tuwon ranar. Ba su dawo binciken ba.

Lahadi, 18 ga Yuni
Ziyarar farko, gidan yarin Kano. Masu gadi sun caccaka tuwon da cokali, sun jefar da takardar da na naɗe ƙuli-ƙuli a ciki. Ba a shiga da takarda. Malam ya rame. Ya tambayi 'yarmu Ummi, sannan ya rage murya: "Barira, littattafan nan fa?" Na ce suna nan. Ya lumshe ido ya ce to komai da sauƙi.

Laraba, 28 ga Yuni
Babbar Sallah. An aiko nama, na soya, ban ci ba.

Lahadi, 9 ga Yuli
An sake ɗage shari'a. Yaya Sha'aban ya kai masa saƙon dattawa: ya sa hannu a takardar ban haƙuri, ya ce ƙarya ya rubuta, a sake shi. Ya ƙi. Wai shaidarsa na cikin littattafan, kowace gona da mai ita da wanda ya gada a wajensa. Saboda toka yake zaune a can. Na kalli ƙasa har aka ce lokaci ya yi.

Talata, 18 ga Yuli
Baba Iliyasu ya rasu. Cikin tsofaffin da Malam ya ɗauki maganarsu saura uku.

Juma'a, 28 ga Yuli
Ina tsinkar zogale sai na ji bakina na cewa, "Gonar Kuka Biyu ta Nababa ce, ya gada wajen kawunsa, iyakarta rijiya." Haka Malam yake karanta mini bayan la'asar ina ɓarar gyaɗa, ni kuwa ina cewa ya ƙyale ni da surutu. Ashe ya shiga.

Lahadi, 6 ga Agusta
Na faɗa wa Malam gaskiyar littattafan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai kawai ya ce, "Kina cin abinci kuwa?" Yaya ya sake miƙa masa maganar sa hannu. Ya girgiza kai, amma a hankali, ba kamar da ba. Na ji tsoron wannan girgizar.

Laraba, 9 ga Agusta
Na je gaida Baba Abdulhadi, ɗaya cikin ukun. Gaisuwa ce kawai. Littafin makarantar Ummi ne ya faɗo cikin jakata, da biro. Tsohon ya yi ta magana kan gonaki ina rubutawa har azahar, inda na manta ya gyara mini. Shafi goma sha ɗaya. Rubutuna ba kyau, kuma ni ba marubuciya ba ce.

Inna ta ga ina turawa ƙarƙashin gado. Ta kalle ni, ta kalli murhu. Na ce mata akwai kara, ya ishe mu.