Tayoyinka Suna Barandar Mama

Pleven, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga yayana Lyuben,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ralitsa da yara, ya kuma ba ka juriyar aikin gonar lemo a can Sifen. Mu nan da sauƙi. Maigidana Stoil yana aikinsa, gwiwoyin Mama suna nan yadda ka bar su, Baba kuma kullum sai ya tambaya ko ka yi waya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, Yaya. Iyayenmu suna raye, wannan na fara faɗa maka.

Ranar Asabar da ta wuce gobara ta tashi a benen su Baba. Ka san ɗakunan ajiyar da ke ƙarƙashin ƙasa, inda kowa yake jibge tayoyin hunturu, waɗanda ake sa wa mota lokacin ƙanƙara, har sanyi ya shigo. Maƙwabcinsu Kosta ya sauka can da injin gasa tattasai, wai matarsa ta hana shi cika mata gida da ƙauri. Ya jona, ya hau sama ɗauko gishiri, ya tsaya hira. Tayoyinsa suna jingine kusa da injin. Ina kasuwa aka kira ni. Tun daga bakin gada na hango hayaƙi, baƙi ƙirin, mai kauri, irin wanda ban taɓa gani ba, yana fita ta tagogin matakala. Ban san yadda na ƙarasa ba. Na tarar da Baba a ƙofar bene riƙe da burodi, 'yan kwana-kwana biyu sun rirriƙe shi, yana ta ihu a sake shi matarsa tana sama.

Mama ita kaɗai ce a gida, a hawa na biyar. Ta gaya mini daga baya cewa ta buɗe ƙofa ta ga ko hannunta ba ta iya gani, sai ta rufe, ta toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen tawul, ta ja ƙafa ta fita baranda. A can na hango ta, ta riƙe ƙarfe tana tari, hayaƙi yana bin bango yana wucewa ta gefenta. Ina ta ɗaga mata hannu kada ta koma ciki, har aka sauko da ita da tsani. Goggo Penka ta hawa na shida, wadda take ba mu alewa muna yara, ba ta da baranda. Ta bi matakala. A tsakanin hawa na uku da na huɗu aka same ta kwance. Tana asibiti, har yau ba ta buɗe ido ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Wutar ba ta kai ɗakin ajiyar Baba ba, don yana can ƙurya. Mutanen bene suka yi taro suka ce daga yau ba wanda zai ƙara ajiye taya a ƙasa. Kowa ya kai nasa wurin mai faci a bakin titi, wanda yake ajiye wa mutane daga kaka zuwa bazara. Ban da Baba. Ya ce shi ba zai miƙa kayan ɗansa ga mutumin da bai san kakansa ba, a musanya masa da tsofaffi. Da na je washegari, sai na tarar ya hauro da tayoyin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, har da ƙarafunansu, ga shi lif, na'urar hawa benen, ba ya aiki tun gobarar. Mutum mai shekara saba'in da shida! Yana zaune a kujera, leɓensa ya yi shuɗi, yana ce mini iska kawai yake sha.

Tayoyin motarka da nasa duka ya jera a baranda, ya lulluɓe da tamfol. Ko wurin da mutum zai tsaya babu. In wuta ta sake tashi yau, ban san ta ina Mama za ta fita ba. Kuma a bakin ƙofar barandar yake tsayawa ya sha tabarsa. Na yi kuka, na yi faɗa, Stoil ya zo da mota zai kwashe su, Baba ya tare ƙofa ya ce masa ya je ya yi mulki a gidan ubansa. Ni kuma ya ce tun ina ƙarama matsoraciya ce, ko kaza ta yi tari sai na ɓuya. Mama kuwa na lura ta daina cire takalmi a cikin gida, jakarta kuma tana rataye a jikin ƙofa.

Yaya, motar nan da ka bari, duk kaka da bazara sai ya sauya mata taya, ya zagaya unguwa da ita, ya dawo ya rufe. Yana cewa kana iya sauka kowane lokaci, kada ka tarar da ita ba shiri. Ni da kai mun san yara sun shiga makaranta a can, kuma kun fara neman gida. Ban ga laifinka ba. Amma ka kira shi, ka gaya masa da bakinka cewa ba za ka dawo ka tuƙa ta ba, ya bar Stoil ya kwashe komai. Na san zai yi masa ciwo, wataƙila ya daina ɗaukar wayarka har Kirsimeti. Zan iya zama da fushinsa. Abin da na gani a barandar nan ne ba zan iya sake gani ba. Kada ka bari sai Lahadin da ka saba kira.

Ka gaida Ralitsa da kyau, ka sumbatar mini Boyan da ƙaramar Iskra. Stoil yana gaishe ku, haka ma Kawu Milcho. Ku sa Goggo Penka a addu'a.

Ƙanwarka mai jiran wayarka,
Nevena