Kada Sunan Salisu Ya Narke

Zuwa ga ƙanena Mahadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Ilorin, Allah ya ƙara basira, ya tsare mana kai. Mu nan Gusau alhamdu lillahi. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, Luba ta yaye ɗanta. Labarin Yaya Salisu ne dai shiru tun da aka tare motarsu a hanyar Tsafe, muna nan muna ta addu'a.

Na kalli farkon fim ɗin ban tsoron da kake haɗawa na jarrabawa. Ikon Allah, kai da kukan mage ke sa ka ruga bayan Iya, yau kai ne mai firgita mutane! Na kuma gane bayaninka cewa haka ake buɗe irinsa: duhu, ƙarar ƙyaure, sai sunayen masu aikin su fito da jan rubutu suna makyarkyata, su narke kamar hayaƙi, in babu haka malaminku zai rage maki.

Na nuna wa Iya don in ga ta razana, amma ko gezau. Hoton gidanmu na Karakkai da ka sa a fim ɗin, wanda Yaya Salisu ya ɗauko maka bayan mun taso daga can, shi ta ƙura wa ido. Inda kuke ganin kango, ita turminta ta gani a yashe, har tana faɗa wai wa ya bar shi a rana. Sai ta tambayi me jan rubutun ke cewa, na shiga karanta mata. Da na zo kan sunan Yaya, mai ɗaukar hoto, ta kai yatsa za ta taɓa, ya narke. Ta sa na maimaita, ya sake narkewa. Ta miƙo mini wayar, ta ce ba a ɓatar mata da ɗa sau biyu. Ranar ba ta ci komai ba, ni ma sai da na yi kuka.

Na san don girmamawa ka sa shi, kuma ni ba zan koya maka aikinka ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka bar sauran su narke yadda malaminku ke so. Nasa kaɗai ka rubuta da fari, ya tsaya cak har fim ya fara. In an rage maka maki, a rage.

Kawu Shu'aibu na Bungudu da Luba da Kamilu suna gaishe ka. Iya ta sa maka albarka, ta ce in ka gyara ka turo da wuri, tana so ta ɗora yatsa a kan sunan ta same shi yana nan.

Taka yayarka,
Wasila